Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Tsokaci a Kan Iskar Oksijin Wajen Renon Ƙwayoyin Halitta

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ko tattabaru ya san cewa bayan ci da sha akwai ɗumi, akwai iska, akwai kuma irin wurin da aka ajiye abin kiwon. Haka al'amarin yake ga wani irin kiwo da masana kimiyya suke yi a ɗakunan gwaje-gwaje, watau renon ƙwayoyin halitta. Ƙwayoyin halitta su ne 'yan mitsi-mitsin tubalan da aka gina jikin mutum da na dabba da su, waɗanda ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Masana kan ɗebo su daga fata ko hanta ko ɓargo, su zuba su a faranti ko kwalba, su rufe su da wani ruwa mai ɗauke da sukari da gishiri da sauran abinci, sa'an nan su sa su cikin akwatin reno, wanda ya yi kama da injin ƙyanƙyasar ƙwai. A nan ƙwayoyin za su rayu, su ci, su hayayyafa. A kansu ake fara gwada sababbin magunguna, da su ake haɗa alluran rigakafi iri-iri, kuma daga gare su aka samo kaso mai tsoka na abin da likitoci suka sani game da ciwon daji da tsufa.

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a duba wani ɓangare guda na wannan kiwo wanda aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi, watau yawan iskar oksijin da ake ba ƙwayoyin. Ra'ayina shi ne, bai kamata a karɓi sakamakon wani gwaji hannu bibbiyu ba, sai mai gwajin ya faɗi yawan iskar da ƙwayoyinsa suka samu, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya ba su haka. Zan kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan in saurari masu ja.

ASALIN AL'ADAR

A shekarar 1907 ne Ross Harrison na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya raya ɗan yankin jijiyar ɗan tayin kwaɗo cikin ɗigon ruwan jikin kwaɗo, har ya ga jijiyar tana tsiro. A 1912 Alexis Carrel ya soma renon naman zuciyar ɗan tsako. A 1951 kuma George Gey ya sami ƙwayoyin ɗan Adam na farko da suka ci gaba da hayayyafa ba iyaka, daga ƙarin ciwon daji na wata mata mai suna Henrietta Lacks. Su ne ake kira HeLa, kuma har yau ana aiki da su a ko'ina cikin duniya.

A tsawon waɗannan shekaru masana sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen kwaikwayon jiki. Sun tsai da ɗumin akwatin reno a ma'auni 37, daidai da ɗumin jikin mutum. Sun ƙara iskar kabon kashi 5 cikin 100 don kada tsamin ruwan renon ya kauce wa na jini. Sun sa tiren ruwa a ƙasan akwatin don laima. Amma da aka zo kan oksijin sai aka bar ta yadda take a cikin ɗaki, domin ita ce a kusa, kuma ba a sayen ta. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Idan ta shiga akwatin, tururi da iskar kabon suka ɗauki nasu gurbin, sai ta koma kamar kashi 18.6 a garin da ke bakin teku. Da haka aka saba tun kaka da kakanni na wannan fanni, har sabo ya zama kamar doka.

ISKAR DA KE CIKIN JIKI

To, amma ƙwayoyin da ke can cikin jiki ba su san wannan yawan iska ba. Tafiyar oksijin a jiki kamar tafiyar ruwa take a lambu: fangalin da ke bakin rijiya ya fi samu, na ƙarshe kuwa sai abin da ya rage. Jinin da ya baro huhu yana da abin da ya yi daidai da kamar kashi 13 cikin 100. Kafin ya gama zagayensa ya komo, ya sauka zuwa wajen kashi 5. Yawancin sassan jiki suna rayuwa ne tsakanin kashi 2 da kashi 9. Ƙwaƙwalwa, duk da yawan cin iskarta, tana wajen kashi 3 zuwa 5. A cikin ɓargo, inda ake ƙera jini, awon da aka yi a jikin ɓeraye ya nuna tsakanin kashi 1 da kashi 4. Ke nan idan aka ɗauko ƙwayar ɓargo aka ajiye ta a iskar akwatin reno, an ba ta ninki huɗu ko fiye na abin da ta saba da shi a gidansu.

Wani zai ce, ina laifin yawan alheri? Ai oksijin zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce ke ɓata man gyaɗa idan ya daɗe a buɗe. A cikin ƙwayar halitta, yayin da ake ƙona abinci da ita, wasu ɓurɓushi masu ɓarna kan fito su far wa kitse da furotin da kuma zaren gado, watau abin da ke ɗauke da siffofin da ɗa ke gadowa daga iyaye. A 1954 Rebeca Gerschman da abokan aikinta suka nuna cewa gubar oksijin da ɓarnar hasken hoton ƙashi hanya ɗaya suke bi. Likitoci ma sun ga wannan da idonsu, domin a shekarun 1940 da farkon na 1950 dubban bakwaini sun makance a asibitocin Turai da Amurka saboda yawan oksijin da aka riƙa ba su da kyakkyawar niyya.

ABIN DA GWAJE-GWAJE SUKA NUNA

A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka bayyana cewa lafiyayyun ƙwayoyin ɗan Adam ba sa rabuwa fiye da kamar sau 50 a faranti, daga nan sai su tsufa su tsaya. A 1977 Lester Packer da abokin aikinsa suka rage oksijin zuwa kashi 10, sai ga irin waɗannan ƙwayoyi sun ƙara tsawon rai. A 2003 kuma ɗakin binciken Judith Campisi a Kalifoniya ya reni ƙwayoyin ɗan tayin ɓera gida biyu. Na iskar kashi 20 suka tsufa da wuri kamar yadda aka saba gani, na kashi 3 kuwa suka yi ta hayayyafa ba su tsaya ba. Ashe saurin tsufan da aka daɗe ana ɗauka halin ƙwayar ɓera ne, ɓarnar iskar akwati ce.

Dalilin wannan ya ƙara fitowa fili da aka gano cewa ƙwayar halitta tana da nata ma'aunin iska. Akwai wani furotin mai suna HIF wanda ƙwaya ke ƙerawa ba dare ba rana. Idan oksijin ta wadata sai a rushe shi nan take, idan ta ragu sai ya taru ya tada ɗaruruwan ƙwayoyin gado, waɗanda ke sauya yadda ƙwayar ke cin sukari, da yadda take kiran sababbin jijiyoyin jini, da sauransu. A kan wannan aiki ne aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Abin lura a nan shi ne saurin ma'aunin. Idan aka fito da faranti daga ƙaramar iska zuwa iskar ɗaki, cikin kamar minti 5 rabin wannan furotin ya tafi. Saboda haka mai binciken da ya reni ƙwayoyinsa kwana uku a kashi 3, sa'an nan ya ɗora su kan tebur yana shirya kwalabe, ya rushe aikinsa da hannunsa kafin ya fara awo.

INDA ABIN YA TAƁA MARAS LAFIYA

Kada mai karatu ya zaci wannan gardamar masana ce kawai wadda ba ta fita daga ɗakin gwaji. Mu ɗauki zazzaɓin cizon sauro, wanda babu gidan da bai sani ba a ƙasarmu. An yi shekaru fiye da 60 ana neman hanyar renon ƙwayar cutar a kwalba ba tare da ta mutu bayan 'yan kwanaki ba. Sai a 1976 William Trager da James Jensen na Jami'ar Rockefeller suka ci nasara, suka rene ta cikin jajayen ƙwayoyin jinin mutum a iska mai kabon kashi 7 da oksijin kashi 1 ko 5. Wannan nasara ce ta buɗe ƙofar gwada magunguna a kan cutar kai tsaye, da gane irin wadda ta daina jin magani. Har yanzu ɗakunan bincike da yawa suna renon ta a kashi 5.

Misali na biyu shi ne haihuwa ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a faranti. Awon da aka yi a jikin dabbobi ya nuna cewa iskar hanyar ƙwai da mahaifa tana tsakanin kashi 2 da kashi 8. Robert Edwards da Patrick Steptoe, waɗanda aikinsu ya kai ga haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978, a kashi 5 suke renon ɗan tayi. Daga baya asibitoci da yawa suka koma wa iskar ɗaki saboda sauƙi da araha. A 2012 wani nazari na ƙungiyar Cochrane ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya nuna cewa renon ɗan tayi a ƙaramar iska yana ƙara yawan jariran da ake haifa da rai. Ga ma'auratan da suka sayar da gona ko gida don neman haihuwa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Na uku, ciwon daji. Tsakiyar ƙari wuri ne mai ƙarancin iska ainun, sau da yawa ƙasa da kashi 2. Tun 1953 Louis Harold Gray da abokan aikinsa a Ingila suka nuna muhimmancin oksijin wajen gasa ƙari da hasken na'ura, kuma an tabbatar cewa ƙwayar da ba ta da iska tana bukatar kusan ninki uku na hasken kafin ta mutu. Wasu magunguna ma ƙarfinsu kan sauya da sauyin iska. Idan aka gwada magani a kan ƙwayoyin da ke wanka cikin kashi 18, an gwada shi ne a kan abokin gaba wanda ba shi za a tarar a jikin maras lafiya ba.

Na huɗu, dashen ɓargo, wanda yana cikin hanyoyin warkar da ciwon sikila. A 2015 ɗakin binciken Hal Broxmeyer a Jami'ar Indiana ya nuna cewa idan aka ɗebi ɓargon ɓera ko jinin cibiyar jariri a iskar kashi 3, ana samun iyayen ƙwayoyin jini fiye da idan an ɗebe su a iskar ɗaki. Watau 'yar gajeruwar haɗuwa da iska ma tana rage irin da ake nema.

WANI HANIN GA ALLAH BAIWA, WANI YAWAN KUMA RASHI

Da matsalar ta tsaya a kan yawan iska, da sai a ce kowa ya rage, a wuce wurin. Amma akwai ɗaya gefen. Oksijin ba ta narkewa sosai a ruwa, kuma tafiyarta a cikinsa tafiyar hawainiya ce. A jiki an magance wannan da ƙananan jijiyoyin jini, yadda da wuya ƙwaya ta yi nisan da ya wuce milimita 0.1 zuwa 0.2 daga jini. August Krogh na ƙasar Danmak ne ya yi bayanin aikin waɗannan jijiyoyi, aka ba shi kyautar Nobel a 1920. A faranti kuwa babu jijiya, babu zuciyar da za ta harba ruwa. Ƙwayoyin suna kwance a ƙasa, ruwa mai zurfin milimita 2 ko 3 ko fiye yana bisansu, kuma dole iskar ta ratso shi daga sama.

Idan ƙwayoyin kaɗan ne, kuma ba masu yawan cin iska ba ne, sai iskar ta yi musu yawa. Idan kuwa sun cika faranti, ko kuma irin na hanta ne masu haɗama, sai su cinye ta fiye da yadda take saukowa, har su shaƙe alhali na'urar akwatin tana nuna kashi 18. Farantin da ya fara mako da yawan iska yana iya ƙare shi da rashinta. Haka nan ruwan da aka ɗauko daga firji aka sa a akwatin kashi 3 yakan ɗauki sa'o'i kafin iskar da ke cikinsa ta sauka. Lambar da ke jikin akwati labarin iskar akwati take bayarwa, ƙwayar kuwa tana can ƙarƙashin ruwa da nata labarin.

Har tudun gari yana da hannu a ciki. Nauyin iska yana raguwa idan aka hau sama, ko da yake kason oksijin bai sauya ba. Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kamar mita 1,200, Legas kuwa tana bakin teku. Idan masana biyu suka saita akwatunansu iri ɗaya, ƙwayoyin na Jos za su sami oksijin da ta gaza ta na Legas da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Dukkansu za su rubuta cewa sun bi ƙa'ida ɗaya. A 2018 wasu masana na Jami'ar Calgary ta Kanada suka duba maƙalu 200 daga manyan mujallun kimiyya, suka tarar mafi yawansu sun bar aƙalla bayani ɗaya wanda sai da shi za a iya ƙiyasta iskar da ƙwayoyin suka samu. Ta yaya wani zai maimaita gwajin da ba a gaya masa rabin sharuɗɗansa ba?

SUNA LINZAMI

A ganina sunan da aka laƙaba wa abin yana cikin dalilan da suka sa al'adar ta ƙi mutuwa. A rubuce-rubucen fannin, kalmar da ake kiran iskar ɗaki da ita tana nufin iska daidai-wa-daida. Kashi 5 ko kashi 3 kuwa, wanda shi ne abin da ƙwaƙwalwa da ɓargo suka sani, sai a kira shi ƙarancin iska. An ɗauki baƙo an mai da shi ɗan gida, ɗan gida kuma an mai da shi maras lafiya. Ɗalibin da ya tashi yana jin waɗannan sunaye ba zai ga abin tambaya ba, domin wa zai tuhumi abin da aka ce masa shi ne daidai? Wasu masana sun kawo sabuwar kalma mai nufin iskar jiki don su gyara, kuma sun kyauta. Amma abin da ya fi shi ne a rubuta lamba, domin lamba ba ta da laƙabi.

HUJJOJIN MASU JA

Masu ja suna da hujjoji uku, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko kuɗi. Rage oksijin yana bukatar akwati na musamman da tukwanen iskar naitirojin da za a riƙa saye ba fashi, kuma teburin aiki rufaffe mai safar hannu ya fi wannan tsada. Ga jami'ar da ke fama da kuɗin man janareta, wannan nauyi ne. Ta biyu, an tara sakamakon shekaru fiye da 70 a iskar ɗaki, kuma ƙwayoyi irin su HeLa sun riga sun saba da ita, saboda haka sauyi zai wahalar da kwatanta sabo da tsoho. Ta uku, wasu ƙwayoyi, kamar na maƙogwaro da huhu da gaban ido, da ma kusa da iskar waje suke zaune.

Hujja ta uku tana tare da ni, domin abin da nake cewa ke nan: kowace ƙwaya da gidanta, babu lamba ɗaya da za ta dace da duka, ko 18 ce ko 5. Hujja ta biyu tana da ƙarfi ga wanda yake son HeLa don ta ƙera masa wani furotin ko ta raya masa wata ƙwayar cuta. Amma wanda ya ce zai gaya mana yadda ƙwaƙwalwa ko ɓargo ke aiki, daɗewar al'ada ba ta wanke shi ba. Game da kuɗi kuwa, akwai ƙananan rufaffun tukwane da ake cika su da gaurayayyar iska a sa cikin akwatin da ake da shi. Jensen da Trager kansu sun bayyana wata hanya a 1977, inda ake kunna kyandir cikin tulun gilashi a rufe, har ya mutu da kansa bayan ya ci wani ɓangare na oksijin ya ƙara kabon. Wannan ba ya kai iska ga matakin jiki, amma ya ishi ƙwayar zazzaɓi, kuma ya ba ɗakunan gwaji marasa ƙarfi damar shiga aikin. Bayan haka, rubuta zurfin ruwa da yawan ƙwayoyi a maƙala ba ya cin ko kwabo.

KAMMALAWA

Abin da nake kira gare shi ba shi da yawa. Mai bincike ya fara tambayar kansa yawan iskar da ƙwayarsa ta saba da ita a jiki kafin ya kunna akwati. Idan yana da hali ya auna iskar a cikin ruwan, kusa da ƙwayoyin. Idan ba shi da hali, ya rubuta irin farantin, da yawan ruwan, da adadin ƙwayoyin, da tsawon lokacin da suka yi a waje, da garin da aka yi aikin. Editocin mujallu su ƙi karɓar maƙalar da ba ta faɗi waɗannan ba, kamar yadda ba za su karɓi wadda ta ɓoye ma'aunin ɗumi ba. Malaman da ke koyar da ɗalibai kuma su daina kiran iskar ɗaki daidai-wa-daida.

Ba raina aikin magabata nake yi ba, domin da wannan iskar ɗakin aka reni ƙwayoyin da suka ba duniya rigakafin shan inna. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maras lafiyar da za a ba maganin ba ya cikin ɗakin gwaji ranar da ake saita akwatin, kuma ba shi da wakili a wurin sai amanar mai gwajin. Kaɗan daga cikin wannan amana shi ne a faɗi, da lamba, irin iskar da ƙwayoyin suka shaƙa.